Rage Ƙiba a Ɗakin Kara: Yadda Za Ka Fara, da Yadda Za Ka Ɗore

Tela ne ya fara faɗa mini gaskiya. Ana saura mako uku ƙaramar Sallah na kai masa yadi, ya zagaya tef a ƙuguna, ya duba, ya jawo tsohon littafinsa na awo, ya sake dubawa. "Alhaji, waccan shekarar 38 na rubuta, yau ga 42. Lallai hutu ya karɓe ka." Muka yi dariya. Amma dariyar ba ta raka ni har Ƙofar Ƙaura ba, don a kan mashin na tuna yadda nake haki in na hau benen ofis, da yadda gwiwa ke ƙara in zan miƙe daga sujada.

Sau biyu na taɓa ɗaura ɗamarar rage ƙiba kafin wannan, duk ban kai wata guda ba. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga ba yunwa ce ta kayar da ni ba. Kara ce da kunya. An ce da mu Katsinawa "kunya gare ku ba dai tsoro ba", to kunyar nan ita ke sa ka ci tuwo sau biyu a dare ɗaya don kar ka ƙi tayin mutum, ita ke hana ka fita tattaki don kar a ce mashin ɗinka ya lalace ko ka shiga wani hali. Saboda haka abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce da mutum zai bi yana cikin gidansa da danginsa da majalisarsa, da abincin da ake dafawa a tukunyar gida.

Mataki na farko: san inda kake

Ka nemi sikeli, ko a kemis ne ko wurin yaran da ke yawo da shi a kasuwa, ka kuma auna tsawonka. Lissafin da likitoci ke kira BMI ba wuya: a ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da aka samu. Ni tsawona mita 1.70, nauyina a lokacin kilo 92. Ninka 1.70 da 1.70 ya ba ni 2.89, raba 92 da shi ya ba ni kusan 32. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 abin da ya yi sama kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya.

Akwai awon da na fi so, don ba ya buƙatar boko. Samo igiya, ka yanke ta daidai tsawonka daga ka zuwa diddige, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka ɗan sama da cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbi ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Kitsen ciki shi ne mugun, shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Ranar da na gwada, ratar da ta rage taƙi guda ce cur.

Mataki na biyu: ga likita in da dalili, ka kuma sa buri mai yiwuwa

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya rage abinci da ka, sukarinsa na iya faɗuwa ya sume. Haka mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai ciki da mai shayarwa: a fara da asibiti. Wanda kuma ya ga yana zubewa alhali bai sauya komai ba, wannan ba abin murna ba ne, abin gwaji ne.

Burin farko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka. A wurina kilo 5 zuwa 9 ke nan. Kar ka raina shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya ɗauki mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari aka ɗora su a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon a cikinsu ta ragu da kashi 58 in aka gwada da waɗanda ba a ɗora a kan tsarin ba. Saurin da ake so rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), don haka duk wanda ya ce maka zai zubar maka da kilo goma a mako biyu, aljihunka zai zubar.

Mataki na uku: fara da kofi, ka bar kwano tukuna

Mako biyu na farko kar ka taɓa tuwonka. Abin sha kawai za ka gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, giram 50 ke nan, in ma an tsaya a cokali 6 ya fi. To duba jikin kwalbar lemo: galibi akwai kusan giram 10 a kowace mililita 100. Robar 50cl ɗaya ta cinye rabonka na yini kaf, kuma ba ta ƙosar da kai ba. Lemon malt da muke ɗauka abin gina jiki ne, shi ma cike yake da sukari. Zoɓo da kunun aya na sayarwa ba ka san ludayi nawa aka zuba ba. Zuma ma, duk albarkarta, jiki yana lissafa ta a sahun sukari.

Shayi ne ya fi ba ni wahala. Cokali huɗu nake sawa, ga madarar gwangwani. Ban yanke lokaci guda ba: mako ɗaya cokali uku, na gaba biyu, har na tsaya a ɗaya da citta da kanumfari. Harshe yana sabawa. Yanzu in aka ba ni irin na da, sai in ji kamar alewa aka narka.

Fura kuwa ba ta da laifi, gero ne da nono. Laifinmu biyu ne: cika ta da sukari, da shan ta bayan an ƙoshi da shinkafa. Fura abinci ce cikakkiya. In za ka sha da rana, to ita ce abincin ranar.

Mataki na huɗu: tukunya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne dole ka shawo kan mai girki. In uwargida ba ta cikin shirin, ka sani shirin ya mutu tun a zane. Ni zama na yi da ita, ban ce "girkinki ya yi mai" ba, don na san inda wannan maganar ke ƙarewa. Igiyar na nuna mata, na tuna mata yadda hawan jini ya kwantar da mahaifina. Ita ta fara kawo shawarar a daina tuttula mai daga galan.

Mai shi ne ɓarawon da ba a gani. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin ɗin da ke cikin nama kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, manja ko man shanu kusan kalori 120 ne, wato kwatankwacin tafiyar kilomita biyu ga mai nauyina. Yanzu ka tuna yadda ake kwarara mai a kan garau-garau da ɗanwake da dambu har ya kwanta a gindin kwano. Ba cewa na yi a daina ba. A riƙa aunawa da cokali: ɗaya a kan farantin mutum guda ya isa, yaji da albasa da tumatir su cike gurbin. Ƙosai, awara, waina, funkaso, soyayyar doya da dankali su koma na ranaku biyu a mako maimakon kullum. Awara ma ana iya sa ta a miya ba tare da suya ba.

Sai girman malmala. Mai cin biyu ya koma ɗaya da rabi, bayan mako biyu ya koma ɗaya, amma ya ninka miya. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, alayyahu, duk masu sauƙi ne muddin ba a nutsar da su cikin mai ba. Ka duba farantinka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, ragowar wake, kifi, ƙwai ko nama mara kitse. Wake shi ne gatan talaka a wannan tafiya, yana riƙe ciki na sa'o'i. In za a dafa shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar.

Wani abin dariya shi ne yadda muke ganin cin ganye sai ka sayi latas da kabeji da wani farin kirim mai tsada, wanda shi kansa rabinsa mai ne. Alhali ga zogale, ga rama, ga tafasa, ga yaɗiya, kakanninmu sun gama mana wannan aiki. Kwanon kwaɗon zogale kafin tuwon dare ya rage mini cin tuwo fiye da duk wata dabara. Sai dai a sassauta ƙuli-ƙuli da mai a ciki. Abin da ake so giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kamar cikin tafin hannu biyar. Yalo, gurji, karas, gwaiba, gwanda, kankana, kowanne da lokacinsa da arhar sa.

A kula da masu kama da salihai. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, dabino kusan 280, kankana kuwa 30 kacal. Cikin hannu ɗaya na gyaɗa ya wadatar, ba ƙulli uku ana hira ba. Gishiri da dunƙule ba sa ƙara kitse, amma suna riƙe ruwa a jiki suna tayar da jini. Ƙa'ida ƙasa da giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma da na cikin dunƙulen ake lissafi. Daddawa na rage buƙatarsa.

In a tire ɗaya kuke ciyayya da 'yan uwa, ka shata iyakarka da ido tun kafin bisimilla, ka ƙanƙanta loma, ka yawaita tauna. Hadisin nan da muke ji tun muna allo, na kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ya riga duk wani likita. Ka cire hannu kana jin da sauran wuri.

Kar ka ƙi karin kumallo don ka yi sauri. Na gwada, sakamakon shi ne ƙarfe goma na dare ina gaban mai shayi ana soya mini Indomie biyu da ƙwai uku.

Mataki na biyar: ƙafa

Abinci ne ke sauke nauyi, motsa jiki kuma shi ke hana shi dawowa, ya gyara jini da sukari da barci ko da sikeli bai motsa ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya ba ka 150.

Kada ka fara da gudu, gwiwar mai nauyi ba za ta yafe maka ba. Makon farko minti 10 zuwa 15 na tafiya, kana ƙara biyar duk mako. Saurin da ake nufi shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya rera karatu ba. Takalmi mai taushin ƙasa, ba silifas ba. In ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ka tsaya, ka nemi asibiti.

Lokaci shi ne sirrin. Bayan sallar Asuba babu kamarsa: ka riga ka tashi, gari da sanyi, babu mai tare ka da doguwar gaisuwa. Ni dabarar da ta yi mini aiki ita ce na daina komawa gida kai tsaye daga masallaci. In na shiga ɗaki na ga katifa, magana ta ƙare. Da takalmin tafiyar nake zuwa masallaci, ana sallamewa in yi azkar a hanya. Ranar Asabar nakan leƙa wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yau wasunmu Karkanda suke ce masa, don ganin wasu na zufa yana ƙara ƙwarin gwiwa. A bi hanyar da ke da jama'a da haske, a fuskanci motoci, in da hali a tafi mutum biyu.

Yanayin garinmu ma sai an yi masa shiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tafiyar rana a lokacin ganganci ce, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Da hunturu in hazo ya sauko, mai asma ya sa takunkumi ko ya jira rana ta ɗaga. Da damina in an wayi gari da ruwa, a yi a cikin gida. Ban da wannan, akwai tafiyar da ba ta cin lokaci: sauka daga Napep tun kafin ka iso, zuwa masallacin Juma'a a ƙafa, daina aiken yaro shagon da ke bakin layi, zagayen minti goma bayan cin abincin dare.

Ƙarfafa tsoka ba sai da gidan motsa jiki ba. Zauna a kujera ka tashi ba tare da dafawa ba, sau goma. Dafa bango da hannu biyu ka kai ƙirji kusa ka tura baya, sau goma. Cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu, kowace kilo ɗaya da rabi ke nan, ka ɗaga sama ka sauke. Ka maimaita zagayen sau biyu ko uku. Amfaninsa shi ne in nauyi na sauka, kitse ya tafi ya bar tsoka.

Ga matan da fita ba ta yi musu sauƙi, tsakar gida fili ne. Uwargidana tana zagaya tamu minti ashirin bayan yara sun tafi makaranta, rediyo na kunne, wata maƙwabciya ta shigo su yi tare. Shara, wanki da daka duk motsi ne, amma in jiki ya saba da su shekara da shekaru bai hana ƙiba ba, sai an ƙara wani abu a kai.

Mataki na shida: bakin mutane

Wata na uku na je gaida Goggo a cikin gari, wajen Ƙofar Soro. Ta ƙura mini ido ta ce, "Kai, mi ya same ka? Lahiya kuwa? Ko ita matar taka ba ta ba ka abinci?" Kafin in buɗe baki an dire mini langa cike da tuwon shinkafa, man shanu na yawo a kan miyar taushe. A nan shirina na baya ya mutu, a irin wannan tabarmar.

A wurinmu ƙiba alamar wadata ce, rama kuwa alamar ciwo ko bashi. Ba za ka gyara wannan tunani a zama ɗaya ba, kuma ba a musu da Goggo. Na ce, "Goggo, likita ne ya ce in sassauta saboda jini." Kalmar likita tana kashe magana, kuma ba ƙarya na yi ba. Na ci rabin malmala, na yaba miyar sau uku, na roƙi a juye mini sauran in kai wa yara. Ta ji daɗi, ni ma na tsira.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka san akwai ɗaurin aure ko suna, ka ci wani abu mai riƙe ciki kafin ka fita, ko dafaffen ƙwai biyu da yalo. A wurin, ka zaɓi abu ɗaya da ranka ya fi so, waina ce ko alkaki, ka ci ka more, ka karɓi ruwa maimakon lemo. A majalisa in an kawo tsire ko balangu, ɗauki tsoka ka bar kitsen, yanka huɗu ko biyar ka janye hannu. Za a yi maka tsiya mako biyu. Daga baya cikin masu tsiyar ne wani zai ja ka gefe ya ce, "Wai ya kake yi ne?"

Mataki na bakwai: ranar da sikeli ya tsaya

Zai tsaya. Makon farko nauyi kan sauka da sauri don yawancinsa ruwa ne, daga baya ya koma jan ƙafa. Jikin da ya ragu kuma ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin ka ci komai, ka rubuta a littafi. Hawan kullum tayar da hankali ne, domin gishiri da ruwa, da al'ada ga mata, na iya motsa shi da kilo ɗaya ko biyu a tsakanin yini.

In ya yi mako uku ko huɗu bai motsa ba, ɗauki biro ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da cincin ɗin da aka miƙo maka a ofis. Ni da na yi, sai na tarar cokalin mai ya koma ludayi ba wanda ya lura, ni kuma na koma raba dare a waya. Ƙarancin barci na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, a nemi awa bakwai. Gyara abu ɗaya, ƙara minti goma a tafiya, ka ba shi mako biyu.

A irin wannan lokaci ne masu tallar shayin rage tumbi ke kama mutane. Na taɓa saya. Kwana uku ina zarya bayan gida, sikeli ya sauka kilo biyu, na sha ruwa ya dawo. Da yawansu ganyen filasko ne ko wani abin sa gudawa ko fitsari, ruwan jiki suke kwashewa, kitse na nan inda yake, ƙoda kuma ita ke biyan bashin. Ɗamarar matse ciki ma zufa kawai take sawa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Azumi, Sallah, da faɗuwa

Mutane da yawa suna fita Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda daga Magariba zuwa sahur baki bai huta ba. Buɗe baki da dabino uku da ruwa, a yi sallah, a ci abinci ɗaya na kirki, soye-soye kala ɗaya ba biyar ba. Sahur a nemi mai riƙe ciki: wake, ƙwai, kindirmo, tuwon dawa. Tafiya ta koma bayan Tarawi ko dab da shan ruwa, a hankali.

Babbar Sallar da ta wuce na yi kwana biyar ina cin soyayyen nama safe da yamma, ban taka ko nan da can ba sai kallon hawa. Kilo biyu suka dawo. A da, a nan zan ce shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Wannan karon dokar da na kafa wa kaina ce ta cece ni: in na tsallake tafiya yau, gobe ba fashi, in na ɓata cin rana, na dare a daidai. Ba ramuwa da yunwa, ba ninka tafiya don horon kai. Na raba sauran naman, na koma takalmina. Mako uku suka sauka.

Yau wata goma sha huɗu ke nan, ina kilo 81. Na kwashe wandunana na kai wa telan nan ya rage su zuwa 36, na ce ya yanke rarar yadin kar ya naɗe ta a ciki, don kar in bar wa kaina ƙofar komawa. Igiyar kuma tana rataye a ƙusa bayan ƙyauren ɗakina, Juma'ar farko ta kowane wata nake sauko da ita. A awon da ya wuce saura yatsu uku bakinta ya haɗu.